Likkafanin Halilu

Shafi na 14

Masu aiko saƙo suna cewa na daɗe, na ji ku. Ba tsere nake da kowa ba. Wanda ya shigo yanzu, ga inda muke.

Shekarar da aka kawo Shari'a Zamfara ce, cikin bazara. Ƙanena Halilu ya cika da safe a gidanmu na Shinkafi. Ciwon da ya ɗauki mahaifinmu da ƙanwarmu Lami shi ya ɗauke shi. Hannu yake fara rawa, ƙafa ta biyo baya, daga nan mutum ya manta sunan 'ya'yansa. Ni Muhtari ni ne babba a gidan, magana tawa ce. Ɗiyarsa Suwaiba ta iso daga ƙasar Jamus yana gargara. Can take aiki. Kemistiri ta karanta, bincike take a kan irin wannan ciwo.

Hantsi ya yi. Zaure ya cika da masu gaisuwa. Ana ɗora ruwan wanka aka ce Suwaiba na son ganina a soron ciki.

Na same ta tsaye cikin hijabi, ido jawur, amma babu hawaye.

"Baffa, ya haƙuri?"

"Mun gode Allah. Mi ya faru?"

"Alfarma nake nema. In ka ji kada ka yi faɗa sai na kai ƙarshe."

"Faɗi."

"Ina so a kai Baba asibiti Sakkwato kafin a rufe shi."

Na ɗauka baƙin ciki ne ya taɓa mata kai.

"Ke ɗiyar nan, ubanki ya rasu."

"Na sani, Baffa. Ni na rufe masa ido."

"To asibiti mi za su yi wa gawa?"

"Akwai likita can da muka yi karatu tare. Zai ɗebi abu kaɗan daga cikin kansa. Kaɗan ƙwarai. A ɗinke, a dawo da shi, a rufe shi nan kusa da Gwaggo Lami. Na yi magana da Dogo direba, motarsa na mararraba gindin tsamiya. Ƙanƙara ma na saya."

Na riƙe sandata da kyau, don na ji hannuna na son tashi.

"Maimaita."

"Baffa..."

"Kan ƙanena za a fasa?"

"Ba fasawa ba ce irin yadda kake zato."

"Rago kika mai da shi? Ni shanu nake saye nake sayarwa tun ba a haifi uwarki ba. Na san yadda ake buɗe kai."

Ba ta ja da baya ba. Halinta ke nan tun tana ƙarama. Da Halilu ya ce zai sa ta boko na hana, ya ƙi ji. Ta yi Sakkwato, ta yi Zariya, ta haye jirgi. Yau ga abin da ta kawo mana.

"Ba ni lokaci kaɗan in yi maka bayani."

"Yi sauri. Rana na yi."

Igiyoyin ɗaure shanu na rataye a bangon soron. Ta ciro ɗaya.

"In ka dawo kasuwa yaya kake aje wannan?"

"In naɗe ta."

"In ka naɗe ta daidai, gobe ka ja bakin ta warware. In yaro ya cukuikuye ta ya jefa cikin buhu fa?"

"Ta sarƙe da sauran."

"To a jikin mutum akwai wasu zaruruwa, ido ba ya ganinsu. Furotin ake ce musu. Kowanne sai ya naɗe kansa ta hanyarsa kafin ya yi aikinsa. In ɗaya ya naɗu a karkace, yakan taɓa na kusa da shi, shi ma ya karkace. Su yi ta taruwa a ƙwaƙwalwa har su cunkushe ta. Ina zaton abin da ya faru da Kaka ke nan, da Gwaggo Lami, da Baba. Aikina ke nan, Baffa. Tun ranar da na ga Gwaggo ta kasa kai loma baki na zaɓe shi. Na duba na Turawa, na duba na dabbobi. Na gidanmu ne ban taɓa gani ba."

"Ki ɗebi jini. Ai kin ɗebi nasa yana da rai."

"Na ɗiba. Amma furotin iri-iri ne, ban san wanne zan bi ba. In na ga wanda ya taru a kansa, sai in san abin da zan nema a jinin masu rai. In aka rufe shi, shi ke nan. Sai kuma in wani ya mutu."

"Kina da magani?"

Ta mai da igiyar bango ta rataye.

"Tambayarki nake."

"Ba ni da shi."

"In an fasa kan za ki samu?"

"Ba zan yi maka ƙarya ba. Wataƙila a samu, wataƙila sai bayan raina. Amma ba a neman maganin ciwon da ba a san sunansa ba."

"Ni na san sunansa. Rijiyar Jangeru."

Kowa a danginmu ya san wannan. Tsohon gidanmu na Jangeru akwai rijiya a tsakar gida, ruwanta na da ɗanɗanon ƙarfe. Duk wanda ciwon ya kama ya sha ta. Da mahaifinmu ya rasu, ni na cike ta da hannuna, na kwashe gidan kaf muka dawo Shinkafi. Gona muka bari, maƙwabta suka yi mana dariya. Ban kula ba.

"Halilu ya sha ta yana yaro. Lami ta sha. Waɗanda aka haifa nan babu abin da zai same su. Na gama da wannan ciwon tun kafin a san za a haife ki."

"Kai ma ka sha ta, Baffa."

"Allah ya tsare ni."

"Ba rijiya ba ce. A jini yake. Yakan bi wani ya tsallake wani."

"Rufe min baki."

Muna haka sai ga Kamalu, yayanta, babban ɗan Halilu. Ya shiga 'yan agajin da aka kafa da zuwan Shari'a, ko ranar mutuwar ubansa da rigar aikin ya zo. Ya tsaya gabana hannunsa na dama cikin aljihu, abin da na hana shi tun yana yaro. Ban yi magana ba don ranar ba ta faɗa ba ce.

"Baffa, gaskiya ne abin da na ji wurin Dogo?"

"Tambaye ta."

Ya juya kanta.

"Dakta! Sannu da ƙoƙari. Shekara da shekaru muna kwashe kashinsa muna ba shi kunu a baki, kina can kina wasa da kwalabe. Yanzu kin zo ɗaukar rabonki?"

"Yaya, ka ji tsoron Allah."

"Ni za ki gaya wa tsoron Allah? Ki kai kan ubanki wa Turawa su ba ki lambar yabo?"

"Don kai nake yi. Don 'ya'yanka."

"Kada ki sa 'ya'yana! Lafiyarsu ƙalau. Ni ma lafiyata ƙalau."

"Ban ce ba ka da lafiya ba."

"Wagga jiha ba irin ta da ba ce. Ki taɓa gawar nan ki gani. Wallahi gaban alƙali za ki yi bayani, ke da direban."

Muryarsa ta kai zaure. Malam Abbati, limamin unguwarmu, ya yi sallama ya leƙo. Tsoho ne mai sanyin hali, tare muka yi allo, shi ya ci gaba ni na bi shanu.

"Alhaji Muhtari, lafiya? Mutane na ji."

Kamalu ya zayyana masa. Malam ya daɗe yana shafa gemu.

"Suwaiba, ɗiyata, an umarce mu da gaggauta rufe mamaci. Kuma alfarmar jikinsa tana nan kamar yana da rai."

"Allah gafarta Malam, ban musa ba. Amma na tambayi malamai, a can da nan. Sun ce in akwai lalura ta ceton rai, akwai sauƙi."

"Akwai masu wannan magana, ban ƙaryata ki ba. Amma ran wa za a ceta? Nuna min shi. In akwai marar lafiya a gidan nan yanzu, sai mu zauna mu duba. In babu, ba zan ce a tsare gawa cikin wanga zafi don zato ba."

Ta dube ni. Ban gane kallon ba a lokacin.

Malam ya ce, "Alhaji, kai ne waliyyi. Mi ka ce?"

"A yi masa wanka. Ana idar da azahar za mu sallace shi."

Kamalu ya ce, "Alhamdu lillahi." Suka fita shi da Malam.

Na juya zan bi su ta riƙe bakin rigata. Tunda take ba ta taɓa yi ba.

"Sake ni."

"Baffa, wa ke ɗinka likkafani?"

"Wa zai ɗinka? Tela."

Tela shi ne ɗana na fari. Sunansa na yanka Zakariyya, amma ni ban taɓa kiran sunan ba. Haka muka taras. Ɗan fari ba ka kama sunansa, ba ka zama tabarma ɗaya da shi, ba ka tsura masa ido. In ya zo gaisuwa ya durƙusa daga bakin ƙofa, ka amsa kana kallon wani wuri, ya tashi. Halilu ne ya riƙe shi, shi ya kai shi koyon ɗinki Ƙaura, shi ya yi masa aure. Ni in zan yi zancensa sai in ce Tela, ko wancan. Ya haura arba'in a lokacin. A Shinkafi aka haife shi, bai taɓa ganin rijiyar Jangeru ba.

"Yaushe rabon da ka dube shi?"

"Wace irin tambaya ce wannan?"

"Ba gaisuwa ba. Ka dube shi da ido."

"Ba a yi."

"Na sani. Shi ya sa kowa a gida ya gani ban da kai. Ya roƙe ni kada in faɗa, na yi masa alkawari, shi ya sa na yi shiru gaban Malam. Ba zan faɗa ba. Yana ɗakin baya. Je ka tsaya bakin taga."

Ta saki rigar.

Na so in wuce zaure. Ƙafata ta kai ni bayan gida.

Tagar ɗakin a buɗe take. Yana zaune a tabarma, farin yadi shimfiɗe a cinyarsa. Likkafani da hannu ake ɗinka shi a gidanmu, ba a kai shi keke, kuma zaren daga jikin yadin ake zarowa. Ya zaro zaren. Ya lasa bakinsa. Ya ɗaga allura wajen haske.

Zaren ya wuce gefe.

Ya sake. Ya wuce.

Hannun dama ne. Yatsun na kaɗawa kamar mai jin sanyi, ga zufa na zuba daga goshinsa. Ya danne gwiwar hannun da cinya, ya riƙe numfashi, ya sake gwadawa. Allurar ta faɗi cikin yadi. Ya lalubo ta. Mutumin da ake kawo wa aikin babbar riga tun daga Zurmi.

Na san wannan rawar. Na gan ta a hannun mahaifina yana ƙulla igiya. Na gan ta a hannun Lami tana tankaɗe. Na gan ta a hannun Halilu.

Sai na ga furfura a gemunsa. Ban san yana da furfura ba.

Ya ɗago ya gan ni. Ya yi wuf ya cusa hannun ƙarƙashin yadin, ya sunkuyar da kai.

"Baba, sannu da haƙuri."

Na dubi bango, yadda na saba.

"Ba a gama ba?"

"Saura kaɗan."

"Allurar ce?"

"Awo, Baba. Kafarta ƙarama ce."

"A sake wata."

"To, Baba."

Iyakar abin da muka ce ke nan. Na bar wurin.

Matarsa ce ta zura masa zaren daga baya, na gan ta ta shiga da sauri tana waige. Ashe ta saba.

Na koma zaure na zauna. Mutane na zuwa suna gaisuwa ina amsawa, ban san su wa na amsa wa ba. Wani dillali abokina ya ce, "Alhaji, da ba ka cike rijiyar nan ba da yanzu gidan ya ƙare. Allah ya saka maka." Na ce amin.

Aka yi wanka. Aka sa likkafani. Na duba ɗinkin gefen kai, ya tafi a karkace kamar na ɗan koyo.

Kafin a fito da shi na shiga ciki don mata su yi bankwana. Asibi, matar Halilu, na zaune a ƙasa an lulluɓe ta. Suwaiba na gefenta.

Na ce, "Asibi, kin ji abin da ɗiyarki ke so?"

"Na ji, Yaya."

"Mi kika ce?"

"Ni mace ce, magana taku ce. Amma tun bakinsa bai mutu ba yakan ce, in wannan abin zai tsaya a kaina, a yi duk abin da za a yi da ni. Ban san ko wasiyya ba ce ko zafin ciwo."

"Wa ya ji ban da ke?"

"Babu."

Suwaiba ta gyara wa uwarta lulluɓi. Ta gama nata.

Aka kira azahar. Muka yi salla. Aka aje makara a ƙofar gida, Malam Abbati ya shiga gaba, muka yi sahu. Jama'a ta taru ƙwarai, don Halilu mutumin mutane ne. Har 'yan agaji abokan Kamalu sun zo da rigunansu, sun tsaya gefe guda. Aka sallace shi.

Da aka zo ɗauka na miƙa wa wani sandata, na kama gaba ta dama. Aka ce, "Alhaji, bar wa yara." Na ce ƙanena ne. Kamalu ya kama gaba ta hagu da hannun hagu, ya ɗora a kafaɗa.

Muka kama hanya. Rana ta take. Babu mai magana sai salati ƙasa-ƙasa da ƙarar takalma.

Daga gidanmu zuwa maƙabarta sai an bi ta mararraba. Hagu maƙabarta. Dama titin mota. Tun daga nesa na hango tsamiyar, da motar Dogo a gindinta. Bai tafi ba. Yana zaune a kan bodi, da ya gan mu ya diro ya cire hula.

Ina tafe ina jin nauyin Halilu a kafaɗata. Ba shi da nauyi, ciwo ya cinye shi. Na tuna ranar da ya karɓi ɗana na fari daga hannun ungozoma ya ce, "Yaya, tunda kai kunya ta hana ka, ni nawa ne." Shi ya yi masa komai. Abu ɗaya ya rage da zai iya yi masa.

Muka iso mararraba. Jama'ar gaba suka karkata hagu.

Na taka dama.

Makarar ta yi turjiya. Na baya suka yi tuntuɓe.

Malam Abbati ya ce, "Alhaji, maƙabarta ta nan take."

"Na san hanya."

"To ina za ka?"

"Malam, ka ce in akwai marar lafiya a gidan a zauna a duba."

"Na faɗa."

"Akwai."

Salati ya tsaya. Na ji ana tambaya daga baya, mi ya faru, mi ya faru.

Kamalu ya zame kafaɗarsa ya saki makarar. Ta karkata, gawar ta zamo, mutane suka yi kabbara. Na tokare da wuyana. Ya zagayo ya tsaya gabana, abokansa suka matso bayansa.

"Baffa, ka girme ni, ka girmi ubana. Amma wallahi ba za a kai shi ba. Sai dai ku taka ni."

"Kauce."

"Ba zan kauce ba. Babu wani marar lafiya. Ƙaryar Suwaiba ce, ta juya maka kai. Kai da bakinka ka ce rijiya ce!"

Gefen da ya saki babu wanda ya kama. Kowa na tsoron a ce da shi aka yi. Wuyana ya fara sagewa.

Na waiga cikin jama'a. Tela na can baya inda ya saba tsayawa in ina wuri, kansa a ƙasa.

Na buɗe baki. Sunan ya yi min nauyi kamar dutse.

"Zakariyya!"

Wurin ya yi tsit. Tsofaffin da ke nan sun san ba su taɓa jin sunan a bakina ba. Shi kansa bai motsa ba, ya ɗauka wani ake kira.

"Zakariyya, da kai nake. Zo ka kama Baffanka."

Aka buɗe masa hanya. Ya zo yana haɗa hanya kaɗan. Ya dube ni, na dube shi, ido cikin ido.

"Baba, don Allah..."

"Da hannun dama."

Ya ɗaga hannun ya kama itacen makarar. Rawar ta bi itacen har na ji ta a kafaɗata. Likkafanin ma kaɗawa yake. Babu wanda bai gani ba.

Malam Abbati ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Na ce, "Wannan a Shinkafi aka haife shi. Ruwan Jangeru bai taɓa shiga cikinsa ba. Malam, ga ran da ka ce a nuna maka."

Malam ya dubi Kamalu, don shi ne ɗa.

Na zaci zai yi ihu. Bai yi ba. Ya kafe hannun Zakariyya da ido, leɓensa na motsi, fuskarsa ta yi fari kamar yadin da ke kanmu. Ba fushi na gani a fuskar ba. Na yi shekaru ina kallon dabbar da ta hango wuƙa, na san tsoro in na gan shi.

Sai idona ya sauka kan aljihun rigarsa. Tun safe hannun na ciki. Da hagu ya gaisa da mutane. Da hagu ya ɗauki ubansa.

Aljihun na motsi.

Na ce, "Kamalu."

Ya ja baya taku ɗaya.

"Fiddo hannunka."